Sha'awar da aka danne: yaya mai rawa shi kaɗai zai nuna ta ba tare da abin ya koma tallan jiki ba?

Asabe: Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu tsara rawa da masu fitila na wannan zaure. Rawar zamani ta mutum ɗaya, irin wadda ake ginawa a kan sha'awa da danne ta, yawanci rami biyu take faɗawa. Ko dai mai rawar ya yi ta lanƙwasa da shafa jiki har 'yan kallo su ɗauka kwarkwasa aka zo yi musu, ko kuma ya yi ta birgima yana dafe kai kamar mai ciwon ciki, a watse ba wanda ya san abin da ke cinsa. Ina bakin zaren yake? Ba falsafa nake nema ba. Daga wace gaɓa ake farawa, minti nawa, wane yadi, wace fitila?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam Asabe. Ramukan nan biyu tushensu ɗaya: an nuna rabin abu. Na farko ya nuna sha'awa ba mai tare ta, na biyu ya nuna tarewa ba a ga abin da ake tarewa ba. A kan dandamali sha'awa motsi ce da ta nufi wani wuri. Danniya kuma ba rashin motsi ba ce, motsi ne na biyu da ya sha gaban na farko. Dole a ga su biyun a jiki guda, a lokaci guda.

Ga atisayen farko. Mai rawa ya tsaya, ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, gwiwa ba a ƙage ba. Hannun dama ya tashi zuwa gefen wuya da saurinsa na gaskiya, kamar zai isa. Idan ya ci kashi biyu cikin uku na hanya, sai a tsayar. Amma ba da sakin ƙarfi ake tsayarwa ba. Tsokar gaban dantse ta ci gaba da ja, ta bayan dantse ta hana. A riƙe haka tsawon numfashi uku. Karkarwa za ta zo da kanta. Sannan abin da ya fi kome: hannun kada ya koma ta hanyar da ya zo. Ya wayance. Ya gyara wuyan riga, ko ya goge tafi a cinya, kamar dama abin da ya tashi yi ke nan. Wannan wayancewar ita 'yan kallo ke ganewa, don kowa ya taɓa yin ta.

Inda ake ɓatawa wuri biyu ne. Ɗaya, rage gudu kafin tsayawa. Da zarar hannu ya fara lafawa tun daga rabin hanya, ido ya gane cewa mai rawar ya san zai tsaya, kuma wanda ya san zai tsaya ba a hana shi kome ba. Biyu, ƙirƙirar karkarwa. Ta ƙarya daga wuyan hannu take fitowa, tana da kiɗa daidai-daidai. Ta gaskiya daga kafaɗa take saukowa, ba ta da tsari.

Anti Ladi: Malam, hannu reshe ne. In aka fara da hannu za a ƙare da wasan bebaye. Tushen abin yana mara da kwankwaso, kuma wadda ta kafa wannan a matsayin darasi ita ce Martha Graham ta Amurka, da abin da za mu kira tsukewa da saki.

A zauna a ƙasa, tafin ƙafa ya haɗu da tafin ƙafa, nauyi a kan ƙasusuwan mazaunai biyu. A fitar da numfashi da ƙirge huɗu. Yayin fitarwar, mara ta shige ciki, ƙashin ƙugu ya mirgina baya, ƙashin baya ya lanƙwashe daga ƙasa zuwa sama kamar baka. Kafaɗu su tsaya daidai saman ƙugu, kada su faɗo gaba. Tsawon mutum ba ya raguwa, wannan ita ce alamar an yi daidai. Sai a shaƙa da ƙirge huɗu, miƙewar ta fara daga ƙugu ita ma, kai ne na ƙarshen isowa. A yi sau takwas da ƙirge huɗu, sau takwas da biyu, sannan da ɗaya, wanda shi ke kama da an naushi mutum a ciki.

Masu koyo goma, tara daga ƙirji suke farawa. Ƙirji ya rufta, haɓa ta faɗi, sai abin ya zama gajiya ko baƙin ciki. Tsukewar da ta fito daga mara kuwa fuska biyu gare ta: tana kama da zafi, tana kama da daɗi, kuma ɗan kallo ba ya iya yanke wanne ne. A wannan rashin tabbas ɗin rawar take zaune. Ba sai an taɓa ko'ina a jiki ba.

Malam Sabo: Na karɓa, Anti. Sai dai a haɗa: tsukewar ta riga hannu da rabin sakan. Mara ta fara, hannu ya amsa, sannan a tare.

Asabe: To batun sutura fa? Wasu na cewa rawar da ke magana a kan jiki dole a ga jikin.

Hassana Tela: Wa ya ce? A duba Lamentation ta ita Graham ɗin, da ta fara nunawa a New York a Janairun 1930. Ba ta kai minti huɗu ba. Tana zaune a kan benci, cikin yadi mai miƙewa launin shunayya da aka ɗinka kamar buhu mara gindi. Fuska, tafin hannu da ƙafa kaɗai ake gani. Ita a kan makoki ta yi ta, amma dabarar ta fi dacewa da maganarmu: gwiwa da gwiwar hannu suna tura yadi daga ciki, yadin yana mayar da su. Ga ƙarfin nan biyu da Malam ya ce, ido na ganinsu a zane.

Ga mai son gwadawa, yadin ne ke yanke hukunci. Akwai mai miƙewa ta fuska ɗaya, akwai mai miƙewa ta kowace fuska irin na kayan motsa jiki. Na biyun kada a saya. Manne wa jiki yake yi, ya fito da kome, kuma ba ya ba da layin nan na ja daga gwiwa zuwa kafaɗa, sai a koma ramin farko na Asabe. A sayi jesi mai kauri, mai miƙewa a faɗi kawai, kamar mita biyu da rabi ga mutum matsakaici. A auna da mai rawar yana zaune, gwiwoyi a buɗe iya buɗewa: nan ne yadin ya kamata ya ɗaure tamau. In ya ɗaure tun kafin nan, ba zai numfasa ba. In bai ɗaure ba, zani ne kawai.

Ɗinki kuma zigizag za a yi, layi biyu. Ɗinki miƙaƙƙe zare ne ke tsinkewa a ja na uku ko na huɗu, kuma ƙarar tsinkewar zare a cikin shiru har kujerar baya ana ji. A sa shafi a ciki ko wata matsattsiyar riga mai launin yadin. Sannan a gwada da gumi. Launin toka da shuɗi mai haske suna yin taswira a hammata da gadon baya cikin minti biyar. Benci ya zama mai nauyi, tsayi kamar santimita 45, a manna roba a ƙafafunsa, in ba haka ba turawa ɗaya zai zame.

Ɗanjuma Fitila: Yaya Hassana, ki ƙara musu da gwajin haske, don yadin da ya rufe jiki ruf a shago yana iya zama tamkar gidan sauro idan fitila ta bugo shi daga baya. Wannan gwaji ba a yin sa da fitilar waya. A rataya yadin, mutum ya shiga, a kunna fitilar baya iya ƙarfin da za a yi amfani da shi, wani ya je kujerar gaba ya duƙa ya duba, don na gaba daga ƙasa suke kallo.

Haske daga gaba kai tsaye shi ne babban abokin gaba. Yana shafe tsoka, jiki ya zama allo, tsukewar da Anti ta bayyana ta ɓace gaba ɗaya. Rawa daga gefe ake haska ta, kuma wadda ta yi wa Graham fitila shekaru da yawa, Jean Rosenthal, tana cikin waɗanda suka kafa wannan. A kowane gefe a kafa sanda mai fitila uku: ɗaya daidai ƙwauri, kamar santimita 30 daga ƙasa, ɗaya daidai ƙugu, ɗaya daidai kai. Ta ƙwauri ita ce sarauniya. Tana ɗauke mutum daga ƙasa, tana nuna haƙarƙari na hawa da sauka. In kuɗi ya gaza, a bar sauran a riƙe ta.

Ja kuma, don Allah a hutar da shi. Kowa ya ce sha'awa sai ya kunna jar fitila, kuma a kan baƙar fata ja mai kauri haɗiye kome yake yi, fuska ta zama dunƙule. Ruwan zuma mara kauri daga gefe ɗaya, shunayya mai haske daga ɗaya gefen, su ke fito da fatarmu. Kore da shuɗi mai sanyi toka-toka suke mai da ita. Fitilar da ke saman kai tsaye tana binne ido a cikin rami, sai a yi amfani da ita a wurin da ake so ido ya ɓace, ba a ko'ina ba. Sauya haske kuma a ba shi sakan takwas zuwa sha biyu. Wanda ya fi haka sauri yana sanar da ɗan kallo cewa ga abin da zai ji, alhali ba a so a gaya masa.

Baffa Iro: Ina saurarenku. Amma akwai abin da nake so a tsaya a kai kafin a yi nisa. Duk mai sunkuyar da kai da mai rufe jiki an mai da shi wanda aka danne. Kunya daban, danniya daban. Yarinyar da ta kawar da kai gaban surukanta ba a ɗaure take ba, ado ne take yi. In mai tsara rawa bai san bambancin ba, zai ɗauki tarbiyyar mutane ya kai wa baƙi a matsayin ciwo.

Anti Ladi: Baffa, Allah ya ƙara girma, wannan gyara ne mai kyau, kuma bambancin a jiki yake, ana iya koyar da shi. Mai kunya wuyanta a sake yake, kan yana sauka ne da nauyinsa, kafaɗu na ƙasa, numfashi na kaiwa har ciki, sau da yawa akwai guntun murmushi a gefen baki. Wanda aka danne kansa a sunkuye yake amma bayan wuyansa kamar itace, muƙamuƙi a ɗaure, kafaɗu sun haura yatsa ɗaya ko biyu, numfashi ya tsaya a saman ƙirji, yatsun ƙafa suna damƙar ƙasa. Siffa ɗaya ce daga nesa. Rudolf Laban, wanda ya rarraba motsi zuwa nauyi, lokaci, wuri da gudana, zai ce na farko gudana ce sakakkiya, na biyu ɗaurarriya. Gwanin mai rawa yana iya wucewa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya sauya tsayuwa ba, cikin sakan ashirin, kuma wannan kaɗai ya isa zama tsakiyar rawa.

Baffa Iro: To in haka ne ba ni da ja. Abin da ba na so shi ne a ce mayafi shi ne laifi, cire shi shi ne 'yanci, a tafa a tashi.

Kande: Baffa ya taɓo inda ake ta gardama a kai. Héla Fattoumi, haifaffiyar Tunisiya mai aiki a Faransa, ta yi rawar mutum ɗaya mai suna Manta a 2009, ta shiga cikin lulluɓi mai rufe fuska ta yi aiki da shi daga ciki. Duk yadda mai rawa ta yi niyya, zauren da ta shiga yana da nasa karatun da ya zo da shi daga gida, kuma muhawarar niƙabi na kan ganiyarta a Faransa a lokacin. Saboda haka tambayar wa ke kallo ba ƙari ba ce, tana cikin ginin.

Nan ne ido ke shigowa. Ido iri uku mai rawa ke da shi. Akwai wanda ya koma ciki, a buɗe amma ba ya ganin kome. Akwai wanda ya kafe wuri ɗaya a zaure, kamar ƙofa ko kusurwa, sai wurin ya zama mutum. Akwai kuma wanda ke kallon 'yan kallo ƙuru-ƙuru. Ramin kwarkwasa daga na ukun yake fitowa idan aka haɗa shi da motsin ƙugu. Yvonne Rainer ta Amurka a rawarta Trio A ta 1966 ta tsara yadda duk lokacin da jiki ya fuskanci jama'a, kai ko ido sun kauce. Trisha Brown a 1994 ta yi rawa sukutum ta ba 'yan kallo baya, ba su ga fuskarta ba. Kuma baya yana magana: allon kafaɗa biyu in suka matso juna ko suka buɗe, an gane.

Shawarata, ido na uku sau ɗaya tak a duk rawar, jiki a tsaye cik, tsawon sakan biyar zuwa bakwai. A nan ne mai kallo ke tuna cewa shi ma ana ganinsa. Nelisiwe Xaba ta Afirka ta Kudu ta gina rawa a kan Sara Baartman, matar da aka kai Landan a 1810 ana nuna jikinta don kuɗi, ta mutu a Paris a 1815, ba a mayar da gawarta gida ba sai 2002. Baƙar mace da za ta hau dandamali ita kaɗai ta yi magana a kan jiki, wannan tarihin na zaune a kujerun ko ta gayyace shi ko ba ta gayyace shi ba.

Nura: Ku yi haƙuri in ɓata muku lissafi. Duk kun tafi a kan cewa tsarewa da ragewa su ne hanya. Tarihi bai yarda ba. Tatsumi Hijikata a Japan, a 1959, ya fito da Kinjiki, a kan sha'awa tsakanin maza, da saurayi da kaza mai rai a dandamali, wani sashe cikin duhu. Aka yi ca a kansa, kuma daga nan ake ƙirga farkon salon rawar Japan da ake kira butoh. A 1968 ya yi ta shi kaɗai a Tokyo, wadda ake kira tawayen jiki, ba abin da ya rage, wuce gona da iri ne da gangan. Wani lokacin abin da aka danne ba ya fitowa da ladabi, kuma rawar da ta ƙi yarda da haka ita ma ta shiga sahun masu dannewa.

Malam Sabo: Nura, ban ce doka ba ce. Amma duba abokin aikin Hijikata. Kazuo Ohno yana da shekara 71 a 1977 lokacin da ya sa rigar mata ya yi rawar tunawa da La Argentina, 'yar rawar Sifen da ya gani a Tokyo tun 1929. Shekara kusan hamsin yana ɗauke da abu, kuma ya fito da shi ne ta yatsu da karkatar wuya. Hijikata ne ma ya ba da umarnin wasan. Kuma ka koma 1912, Nijinsky, mai rawa daga Rasha, a Paris: rawar kusan minti goma, jiki a gicciye kamar zanen bango, kusurwa-kusurwa, ba laushi. A ƙarshe ya kwanta a kan mayafin da wata mai rawa ta yar ya yi motsi guda na sha'awa. Motsi gudan nan ne ya sa editan jaridar Le Figaro ya yi masa kaca-kaca, Rodin mai sassaƙa ya fito kare shi. Da ya yi irinsa tun minti na biyu, da ba wanda zai tuna. Fashewa tana da ƙarfi ne gwargwadon tsawon toshewar da ta gabace ta.

Nura: Wannan na yarda. Abin da na ƙi shi ne a toshe har ƙarshe ba a buɗe ko sau ɗaya ba. Ɗan kallo yana gajiya. Bayan minti shida ko bakwai na ɗaurarren motsi, ido ya saba, ɗaurewar ta daina zama ɗaurewa, ta zama salon mutumin kawai.

Anti Ladi: Gaskiyarka a nan. Dole a ɗanɗana wa ido abin da ake hanawa. Mary Wigman ta Jamus a rawar mayya ta 1926 a zaune take a ƙasa, fuska a rufe da abin rufe fuska na sassaƙa, ta sa hannu ta buɗe gwiwoyinta a hankali, sannan ta dinga buga diddige tana matsowa. Buɗewa da rufewa ne ke bi da bi.

Ga mai farawa, minti goma zuwa sha biyu ya isa, kada a yi kwaɗayin rabin awa. Minti biyun farko a kafa ɗabi'ar yau da kullum: tafiya, zama, gyaran riga, abin da za a wayance da shi daga baya. Daga nan motsin da ake tarewa ya shigo. Sau uku ake maimaita shi, ba iri ɗaya ba: na farko ido ya gani, na biyu ya gane, na uku ya jira, to a na ukun ake sauya masa, ko a bar hannun ya matsa gaba kaɗan, ko wata gaɓa ta karɓa. Wajen minti na bakwai ko takwas a saki, sakin gaske, da juyi da faɗuwa da cin fili, amma kada ya wuce sakan arba'in zuwa minti ɗaya. Abin da ya rage shi ne komawa, kuma komawar ta fi kome wuya, don jikin da ya ɗanɗana saki ba ya shiga tsohon ma'auni daidai. Numfashi na sama-sama, riga ta karkace, shi kuma yana ƙoƙarin yin tafiyar nan ta minti na farko kamar ba abin da ya faru.

Tsayawa cik kuma da numfashi ake ƙirga ta, ba da zuciya ba. Gaban jama'a jini na gudu, mai rawa ya ɗauka ya yi sakan goma alhali huɗu ya yi. A rubuta masa: numfashi biyar a nan, uku a can.

Asabe: Ashe ba a ƙarewa da yage yadi a fito?

Hassana Tela: Ban da asarar yadi kowane dare, kowa ya san zuwansa tun daga minti na farko.

Kande: Kuma ƙarya ce mai araha, ita Baffa ke gudu. Susanne Linke ta Jamus a 1980 ta yi rawa da bahon wanka, ita da shi kawai. Tana zagaya shi, tana goge shi, tana hawa bakinsa, tana karkata shi. Kayan aiki ɗaya, amma ya zama aikin gida, ya zama abokin zama, ya zama kurkuku. Darasin shi ne abu guda a juya shi har ya ƙare, ba a tara igiya da madubi da kujera da jan ƙyalle ba. Duk abin da aka ɗora a dandamali bashi ne, sai an biya.

Ɗanjuma Fitila: Batun sauti ba wanda ya taɓa. Waƙa mai kalmomi tana ƙwace ma'ana, jiki ya koma yi mata rakiya. Shiru da numfashi sun fi. In za a sa ƙaramin makirufo, a manna shi da filasta a gefen kunci ko ƙasan ƙashin wuya, a naɗe akwatinsa mai batir cikin leda don gumi yana kashe shi, a ɗaure shi a cinya ko gefen ƙugu inda ba a kwanciya a kai. Lasifika ta kasance gaban mai rawa tana fuskantar jama'a. In tana bayansa, da ya matso za ta yi kuwwa. Yadi mai goga a kan makirufo kuma ƙararsa ta fi numfashin, sai an gwada da cikakkiyar sutura. Fanka da injin janareto su ma a saurare su tun da rana, don shirun da aka tsara ba zai samu ba in suna ruri.

Malam Sabo: Lafiyar jiki. Ɗaurarren motsi yana cin tsoka sosai. Ɗumama jiki minti talatin aƙalla, a ba wuya, muƙamuƙi da kwankwaso kasonsu. Riƙe numfashi na gaske kada ya wuce sakan kaɗan. Mai ƙwarewa yana nuna kamar ya riƙe, alhali yana shaƙa a hankali ta hanci zuwa bayan haƙarƙari inda ido ba ya gani. Wanda ya riƙe da gaske yana matsa tsoka, sannan ya miƙe farat ɗaya, jiri zai ɗebe shi, a cikin buhun yadi kuma ba hannun tarewa. Siminti ba wurin faɗuwa ba ne. In ba katako mai ɗan lotsawa, a cire faɗuwa a kan gwiwa daga tsarin, a sauka ta gefen cinya, a sa matashin gwiwa siriri a ƙarƙashin sutura. Cikakken gwaji daga farko zuwa ƙarshe kada ya wuce biyu a yini.

Anti Ladi: Da lafiyar zuciya, ƙanena. Masu irin wannan rawa da yawa daga rayuwarsu suke ɗebowa. In aka bar shi a matsayin tuna abin da ya faru, dare na farko zai yi ƙarfi, na biyu ya yi rabi, na uku ko dai ya bushe ko mutum ya karye. A mai da kowane ji aiki: maimakon tuna wane, a rubuta tura gwiwar hagu har yadi ya ɗaure, riƙe haka tsawon numfashi uku, kawar da kai dama. Jiki zai kawo sauran. A samu mutum ɗaya amintacce mai kallon gwaji daga waje, tambayar da za a yi masa kuma ita ce me ka gani, ba me ka fahimta ba. Bayan wasa minti sha biyar ba gaisuwa: a cire sutura, a wanke fuska, a girgiza hannu da ƙafa, a sha ruwa, sannan a fito.

Kande: Sai waya. Rawar minti sha biyu da aka gina don sakan arba'in ɗin nan su yi ma'ana, wani zai ɗauki sakan arba'in ɗin kaɗai ya watsa a TikTok, ba toshewar da ta gabata, ba komawar da ta biyo. Abin da ya rage kuwa shi ne ainihin abin da Asabe ta ce a guje wa, kuma sunan mai rawar ne a kai. A sanar da baki kafin a kashe fitila, a sa mutum biyu a gefen kujeru, a rubuta iyakar shekaru a tikiti. Ɗaukar hoton ajiya kyamara ɗaya daga baya, kuma a rubuta a takarda wa ke da ikon fitar da shi.

Asabe: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya. In zauren ƙarami ne, kujerar gaba ba ta fi mita biyu daga mai rawa ba, duk wannan yana nan yadda yake?

Ɗanjuma Fitila: Fitilar ƙwauri za ta dinga dukan idon na gefe, sai a sa mata marfi a yanke hasken daidai bakin shimfiɗa, ko a cire kujeru biyu na kowane ƙarshe. Makirufo kuma a ajiye shi, a mita biyu ana jin numfashi.

Malam Sabo: Motsin ma a rage shi da kamar kashi ɗaya cikin uku. Hannun ya tsaya tun a rabin hanya, karkarwar da ake bari ta kai dantse a babban zaure a tsare ta a yatsu. Kallon nan na Kande kuma a mai da shi sakan uku, a sauke shi a kan layi na uku, kada a kan mutumin da ke gaba.